Ranar Toka coci ya cika, yanzu ina kowa ya shiga?

Maman Tagwaye

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina fatan azumi na tafiya lafiya. Akwai abin da ke cina a rai tun ranar Juma'a, na ce bari in kawo shi nan ko wani zai taya ni tunani.

Ranar Larabar Toka, ranar da muke fara azumin kwana 40 kafin Ista, ban samu wurin zama ba. A tsaye na yi Mas ɗin a bakin ƙofa, layin karɓar toka kuwa har waje. Na ga fuskokin da rabona da su tun Kirsimeti, raina ya yi fari, na ce bana kam Allah ya taɓa zukata. To Juma'ar nan da ta wuce na je Hanyar Gicciye, addu'ar da muke bin tashoshin wahalar Yesu ɗaya bayan ɗaya, bencin gaba guda uku ne kawai da mutane, yawanci tsofaffi, sai yara biyu masu riƙe kyandir. Da muka kai tasha ta 9, inda Yesu ya faɗi karo na uku, muryarmu ko bangon baya ba ta kaiwa. Sati uku ma ba a yi ba da aka shafa mana toka aka ce mu tuna mu turɓaya ne.

Tambayata ita ce, tokar muke so ko tuban? Me ya sa abin namu yake zama wutar kara kowace shekara? Ni ma ban cire kaina a cikin tambayar ba.

Ɗan Bagadi

Sannu Mama. Ni dai a ganina an sassauta mana ne har abin ya rasa nauyi. Kwana 40 ake cewa, amma azumin dole kwana 2 ne kacal, Larabar Toka da Juma'a Mai Tsarki. Sauran a bar nama ranar Juma'a, shi ke nan. Kiristocin Masar da na Habasha kwana 55 suke yi kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Abin da bai taɓa jikin mutum ba, da wuya ya riƙe shi da daraja. Da an tsananta mana, da ba a ga benci a buɗe ba.

Tsohon Katikis

Ɗana, kishinka ya burge ni, kada ka bari ya huce. Amma bari in gyara maka zancen kaɗan.

Gaskiya ne a da duk ranakun Lent, wato wannan lokacin na kwana 40, in ban da Lahadi, ranakun azumi ne a doka. Fafaroma Bulus na 6 ne ya sake tsarin a watan Fabrairun 1966, sannan kundin dokokin Ikklisiya na 1983 ya zo da abin da muke bi yau: barin nama daga shekara 14, azumi daga shekara 18 har mutum ya shiga ta 60. Azumin kuwa shi ne cikakken abinci sau ɗaya a yini, da ɗan abin taɓawa safe da yamma.

Sai dai duk wanda ya karanta takardar Fafaroman ya san ba hutu ya ba mu ba. Ya duba duniya ne ya ga hali ba ɗaya ba. Masu wadata ya ce su hana kansu don su ba mabukata, waɗanda ke cikin rashi kuma su miƙa wa Allah wahalarsu cikin addu'a. Mutumin da dama sau ɗaya yake samun ci a yini, wane azumi za ka ɗora masa? Doka ta faɗi mafi ƙarancin abin da ya wajaba ne, ba ta ɗaure hannun kowa ba. In kana da lafiya kana so ka ƙara, ƙara, amma ka shawarci Fada, kuma kada ka yi shela.

Ka tuna karatun Juma'ar farko bayan toka, Ishaya sura 58. Mutanen nan azumi suke yi sosai, har suna gunaguni wai Allah bai kula ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin nasu suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Na san magidanta da ke wuni ba ci ba sha, da yamma matansu da 'ya'yansu na laɓewa saboda zafin ransu. Yunwa kaɗai ba ta gyara hali.

Ɗan Bagadi

Na ji, Baba, kuma na karɓa. Amma fa har yanzu ina ganin jiki yana da rabonsa a tuba. Musa kwana 40 ya yi a kan dutse, Iliya kwana 40, Ubangiji kansa kwana 40 a jeji. Ba wanda ya yi su da cikakken ciki.

Tsohon Katikis

A nan ba mu saɓa ba, ɗana.

Mai Aikin Dare

Yaya Maman Tagwaye, ina cikin waɗanda ba ki gani ba ranar Juma'a, don haka bari in yi magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Lokacin da kuke fara Hanyar Gicciye ni ina karɓar aiki ne daga hannun masu tashi. Shekara nawa ke nan ana sa ta a lokaci ɗaya, kuma ba a taɓa tambayarmu ba. Direbobi, masu gadi, masu shago, mata masu goyo da ba su da mai riƙe musu yara, duk wannan lokacin bai yi musu ba.

Abin da nake yi, wajen ƙarfe uku na dare idan ɗakin marasa lafiya ya yi tsit, sai in zaga gado-gado ina duba ruwan da aka ɗaura musu, ina bin tashoshin 14 a zuciyata. Idan na share wa wani gumi a goshi sai in tuna tasha ta 6, inda Beronika ta share wa Yesu fuska. Ba na cewa wannan ya maye gurbin taruwa da 'yan'uwa, wallahi ina kewar taron. Amma don Allah kada a ƙirga benci a yanke mana hukunci.

Maman Tagwaye

Ƙanwata ki yafe ni, ban yi tunanin irinku ba sam. Allah ya saka miki. Amma kin san ba duk wanda bai zo ba ne yake bakin aiki.

Baban Mawaƙa

Maganar 'yar'uwarmu ta jinya abin dubawa ne, kuma gyaransa ba wuya. Hanyar Gicciye ba sai da Fada ba, kowane mai baftisma zai iya jagoranta. Me zai hana a yi ta sau biyu, ɗaya da asuba bayan Mas, ɗaya da yamma? Asalinta ma ai don waɗanda ba su iya zuwa ne. Mutane na marmarin taka hanyar da Yesu ya bi a Urushalima, ba kowa ke da halin tafiyar ba, sai 'yan ɗariƙar Faransis na Asisi suka yaɗa al'adar kafa tashoshin a majami'u. Fafaroma Kilement na 12 ne ya tsayar da adadinsu a 14 cikin 1731. Ibadar da aka kawo kusa don mai nisa ya samu, bai kamata mu kulle ta a sa'a ɗaya ba.

Ta ɓangarenmu kuma, mutane na yi mini ƙorafi wai waƙar Lent ba armashi, mun rage kiɗa, ba Halleluya, ba waƙar ɗaukaka, ba furanni a bagadi. Da gangan ne. Ikklisiya ta ce kayan kiɗa su rufa wa murya baya kawai a wannan lokacin. Kunne ma yana azumi, don idan aka ɗaga Halleluya daren Ista ta ratsa mutum har ƙashi. Ni na lura wasu sun saba da zuwa coci don kiɗan, in ya yi sanyi sai su ma su yi sanyi. Wannan laifinmu ne mu masu koyarwa, ba mu bayyana musu dalilin shirun ba.

Mai Jinyar Tsohuwa

Na daɗe ina karantawa a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba. Yau kam zan yi magana, ku yi haƙuri idan ta yi ɗaci.

Kuna ta lissafin wanda bai zo coci ba. Ni kuma ina lissafin wanda bai zo gidanmu ba. Mahaifiyata ta fi shekara 20 tana wanke ƙyallayen bagadi, tana goge su da hannunta kowace Asabar. Yau wata 14 tana kwance, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. A watan farko an zo, an yi addu'a, an cika ɗaki. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Kowace Lahadi da safe sai ta sa in ɗaura mata ɗankwali, in juya ta ta fuskanci ƙofa. Ba ta cewa komai, amma na san abin da take jira.

Ranar Larabar Toka na bar ta da maƙwabciya na ruga coci. Mutum nawa suka gaishe ni, biyu ne suka tambayi jikinta. A bakin ƙofa aka miƙo mini ambulan ɗin gudummawar Lent guda biyu, ɗaya da sunana, ɗaya da sunanta. Ashe sunan na nan a littafi. Da na koma gida na dangwali tokar goshina na shafa mata, ta riƙe hannuna tana kuka.

Shi ya sa ba ku gan ni ranar Juma'a ba. Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta yi nisa da ku.

Maman Tagwaye

Wayyo Allah. Ɗan'uwana, na gane ko wace ce. Ita ta koya mini ninke ƙyallen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙoƙon Jibi. Sau nawa na ce zan zo, sai in ce sai Asabar mai zuwa. Ba ni da abin kare kaina. Ka yafe mana.

Tsohon Katikis

Ɗana, ba ɗaci a maganarka, gaskiya ce, kuma ta fi duk abin da muka faɗa tun safe nauyi. Ni ne na fi kowa laifi, don na san gidan, na san dokar, na kuma san tsohuwar tun tana da ƙarfinta.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Babban taron Batikan na biyu, a takardarsa kan sujada ta Disamban 1963, sashe na 110, ya ce tuban Lent kada ya tsaya a cikin zuciya da tsakanin mutum da kansa, ya fito fili ya zama na jama'a. Mu kuwa mun mai da shi harkar kowa tasa ta fisshe shi. Wannan ya bar shan zaƙi, wancan ya bar kallon waya, kowa na auna kansa shi kaɗai. Ba laifi ba ne, amma ba haka aka faro ba.

A ƙarnonin farko, wanda ya yi babban zunubi yakan shiga sahun masu tuba a bainar jama'a. Ya sa tsumma, a zuba masa toka, ya zauna a ware. Sauran jama'a ba kallonsa suke yi ba, azumi suke taya shi da addu'a, har ranar Alhamis Mai Tsarki bishop ya maido shi cikin 'yan'uwa. Daga baya kowa ya ga ai shi ma mai zunubi ne, sai toka ta zama ta duka. Fafaroma Urban na 2 ya ƙarfafa hakan a taron Benebento cikin 1091. Ka ga tun asali Lent lokacin maido da wanda ya yi nisa ne. Tokar da ke goshina tana cewa ne ni da kai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ita kanta tokar daga ganyen dabinon da muka ɗaga tare bara aka ƙona ta.

Game da Mama kuma, haƙƙinta ne a kai mata Jibin Ubangiji har gadonta, ba alfarma ba ce. Haka shafewar marasa lafiya da wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi magana a kai. Mutane na tsoronta wai ta masu shirin mutuwa ce, alhali ta duk mai ciwo mai tsanani ce da wanda tsufa ya raunana. Yau ɗin nan zan je wurin Fada. Wataƙila ma bai san halin da ake ciki ba, don mu da ya kamata mu faɗa masa mun yi shiru.

Mai Jinyar Tsohuwa

Na gode Baba. Ban taɓa zuwa na roƙa ba, kunya da fushi suka hana ni. Ina ganin kamar wanda ya yi wa coci hidima haka bai kamata sai an roƙa masa ba.

Baban Mawaƙa

Bai kamata ba kam. Amma mu dubi inda ɗakin ke yoyo. Muna da littafin masu ba da gudummawa, ana sabunta shi duk shekara, ba a mantawa. Ina littafin marasa lafiya da tsofaffin da suka daina fitowa? A kan wa wannan aikin yake? Kowa na zaton ƙungiyar Binsent na Paul na yi, su kuma mutum nawa ne, kuma yawancinsu sun manyanta. Ita ƙungiyar ma da Ozanam da abokansa suka kafa ta a Faris ta Faransa cikin 1833, ɗalibai ne matasa, kuma aikinsu na farko shi ne taka ƙafa zuwa gidajen matalauta. Ɗan Bagadi, kai da kake neman abin da zai taɓa jiki, ga shi nan.

'Yar Ajin Baftisma

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni sabuwa ce, daren Ista za a yi mini baftisma in Allah ya yarda, don haka ku gyara mini in na yi kuskure.

Ni abin da kuke kira sanyi ban gan shi haka ba, don wannan ne Lent ɗina na farko da nake fahimtar abin da ake yi. Lahadin farko aka rubuta sunayenmu. Lahadin nan da ta wuce, ta uku, aka kira mu gaba muka durƙusa, aka karanta labarin matar Samariya a bakin rijiya, Fada ya ɗora mana hannu, dukan coci na yi mana addu'a. Jikina rawa yake yi. Malaminmu ya ce saura biyu, mai zuwa labarin wanda aka haifa makaho, ta bayanta kuma Li'azaru.

Abu ɗaya ne ya taɓa ni. Bayan Mas mutane suka wuce mu kamar ba mu aka yi wa addu'a yanzu ba. Wata tsohuwa ce kaɗai ta kama hannuna ta tambayi sunana, ta ce za ta riƙa ambatona a rosari har Ista. Ban san sunanta ba, amma duk Lahadi ita nake nema da ido. A gidanmu ba kowa ke murna da shawarar da na yanke ba, shi ya sa wannan riƙon hannun ya yi mini girma.

Mai Aikin Dare

Ƙanwata, barka da zuwa. Ki turo mini saƙo ta gefe, ina so in san ki. Daren Ista zan nemi musayar aiki don in kasance a wurin.

Maman Tagwaye

Tunda ranar wanka ce, bari in daina ɓoyon cibi. Na ce muku ban cire kaina ba, ga dalili.

Akwai 'yar'uwa a ƙungiyarmu ta mata da shekara biyu ke nan ba ma magana. Kan lissafin kuɗin ƙungiya ne. Ni na riƙe littafi, ita ta riƙe kuɗi, lissafi bai haɗu ba, a gaban taro ta faɗi maganar da ta nuna kamar ni na ci. Ni ma na mayar mata da wadda ta fi ta zafi. Tun daga ranar, idan na shiga coci sai na duba inda ta zauna in nemi wani layin, don kada lokacin gaisuwar salama ya same mu kusa. Larabar Toka cunkoso ya haɗa mu, tana gabana a layi. Na ga Fada ya shafa mata, ya shafa mini da yatsa ɗaya daga kwano ɗaya. Muka fito kowa ta kama gabanta.

Yau da safe a Mas aka karanta Matiyu 18, bawan da aka yafe wa bashi mai yawa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa kan ɗan kaɗan. Na kasa tashi karɓar Jibi. Ina ta ƙirga benci, ashe laifi tudu ne.

Amma ku faɗa mini gaskiya. Ni aka ɓata wa suna. Ni zan fara zuwa?

Ɗan Bagadi

Mama, ni a nawa ganin a fara fito da gaskiyar lissafin. In an ce a yafe kawai a rufe, gobe ma haka za ta faru, kuma mutane za su ci gaba da zarginki a ɓoye. Sulhun da aka gina kan rufa-rufa ba ya daɗewa.

Baban Mawaƙa

Yaron nan yana da gaskiya ta wani gefen. Mun cika son a ce "a bar wa Allah" don gudun tonon silili, ƙungiyoyi nawa suka watse a haka. Amma shekara biyu ana jiran lissafi, ya fito?

Tsohon Katikis

'Yata, abu biyu ne a nan, kada ki haɗa su. Lissafi aikin ƙungiya ne, a zauna da littafi da shaidu a gaban Fada ko wanda ya wakilta, a bi shi layi-layi. Wannan haƙƙinki ne, kuma yafiya ba ta soke shi ba. Gaba kuwa taki ce ke da ita, ba kwamitin da zai cire miki ita.

Kin tambaya wa zai fara. Matiyu 5, wanda aka karanta mana Juma'ar makon farko, bai ce in kai ne mai laifi ba. Ya ce in ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikonka a gaban bagadi ka je tukuna. Ke da bakinki kin ce kin mayar mata da wadda ta fi zafi. To wannan kaɗai za ki ɗauka ki kai. Kada ki je da "amma ke ma". Ki nemi gafarar naki rabon ki yi shiru. Abin da za ta yi da nata, tsakaninta da Allah.

Kuma ki yi sauri. Kin rubuta a zaure, ko ba ki kama suna ba akwai masu ganewa. Kafin wani ya kai mata da ƙari, ki riga shi.

Ɗan Bagadi

Baba, tunda ana fasa ƙwai, ni ma ga nawa. Shekara uku rabona da furta zunubi. Ina yi wa Fada hidima a bagadi, ya san muryata ko a cikin duhu. Yaya zan faɗa masa abin da na yi, gobe in miƙa masa ruwan wanke hannu? Ina ganin shi ya sa nake ta neman azumi mai tsanani, ko zai biya mini.

Tsohon Katikis

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗa. Azumi ba ya biyan wannan. Tun taron Lateran na huɗu a 1215 Ikklisiya ta wajabta furci aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma dokar yau ta riƙe shi ga duk mai babban zunubi. Amma ka sani kana da 'yancin zuwa wurin kowane Fada da ke da izinin sauraro, ba dole sai naka ba. Abin da ka faɗa kuma a rufe yake har abada. Fadan da ya tona da gangan ya fitar da kansa daga tarayyar Ikklisiya nan take, kuma an hana shi ko nuna maka a fuska.

Juma'ar nan da Asabar, gab da Lahadi ta huɗu, su ne na sa'o'i 24 domin Ubangiji, lokacin da ake barin coci a buɗe don addu'a da furta zunubi, wanda Fafaroma Faransis ya fara a 2014. A wancan karon, cikin majami'ar Bitrus, ana raka shi inda zai zauna ya saurari mutane, sai ya ratse ya je ya durƙusa a gaban wani Fada ya fara furta nasa, duniya na kallo. Akwai baƙin Fada da za su zo taya namu. Ka je da wuri, ka fara da cewa shekara uku ke nan, sauran zai zo da kansa.

Maman Tagwaye

'Yan'uwa, na dawo. Jiya da yamma na je gidanta. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta tsaya riƙe da ƙofar, ba ta ce in shiga ba. A tsaye na faɗi abin da Baba ya ce, nawa kaɗai. Bakina ya so ya ƙara, na danne. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Na ji." Ta ɗauko mini kujera, ta kawo ruwa. Ba ta nemi tawa gafarar ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai a hanyar dawowa. Mun dai yarda a fito da littafin a gaban Fada bayan Ista. Da zan tafi ta tambayi tagwaye, ta kira su da sunayensu.

Mai Jinyar Tsohuwa

Fada ya zo jiya da Baba Katikis. Ya saurari furcinta, ya shafe ta da mai, ya ba ta Jibi. Abin da ta fara tambayarsa da bakinta da ba ya fita sosai shi ne wa ke wanke ƙyallayen bagadi yanzu, kuma ana sa musu sitaci ko a'a. Ya ce za a riƙa kawo mata Jibi duk Lahadi.

Fushina bai gama sauka ba, ba zan ce ya sauka ba. Amma ina so in je furci yau Asabar, in akwai wanda zai zauna da ita na awa biyu.

Ɗan Bagadi

Yaya, ni na je nawa jiya da dare. Zan zo in zauna da Mama, faɗa mini lokaci. Kuma na fara rubuta sunayen waɗanda suka daina fitowa, na samu 11 daga bakin Baba kaɗai. Duk wanda ya san wani ya turo mini ta gefe, kada a sa a zaure.

Mai Aikin Dare

Ƙanena, in ka je ka wanke hannu kafin ka taɓa ta. Ka zauna ta gefen da ke da lafiya don ta gan ka sosai, ka yi magana a hankali ka ba ta lokacin amsawa, kada ka ƙarasa mata zance. Kada ka ba ta ruwa tana kwance, sai an ɗaga kanta, kuma ka tambayi ɗanta yadda take haɗiya. Masu niyyar zuwa daga baya, don Allah kada a taru rana ɗaya a cika ɗaki sannan a ɓace. Mutum biyu-biyu, a raba kwanaki har bayan Ista. Ni na ɗauki Talata da safe idan na tashi daga aiki. Yaya Maman Tagwaye, ke wace rana?